An Binne Ɗana da Tiyon a Kansa

'Yan'uwana mata, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ku yi haƙuri da ni in muryata ta yanke.

Kun san ni, ni mai yawan tsoro ce. Ko addu'ar abinci na yi, sai in sake ta don kada na tsallake wani abu.

Ɗana na fari, tun yana jariri kansa ya dinga girma. Hular da na saƙa masa ta daina shiga. Idanunsa kullum suna kallon ƙasa, ko nono yake sha ba ya iya dubana. Daga asibitin Madawa aka tura mu Yamai. Likita ya ce ruwa ne ya taru a ƙwaƙwalwa, za a sa masa siririn tiyo ƙarƙashin fata, daga kai zuwa ciki, ruwan ya riƙa sauka.

A lokacin nan ne wani bidiyo yake yawo a wayoyi, wai Turawa suna dasa wa mutane na'ura a ƙwaƙwalwa. Kowa da nasa bayani. Inna, uwar mijina, ta ce da ni, “Ke 'yar nan, kan mutum ba waya ba ne da za a sa mishi layi. Aikin Dujal ne wanga.” Har a nan coci na ji wasu suna cewa ita ce alamar ƙarshen zamani da aka gargaɗe mu a kanta. Na tambayi likita, ya ce roba ce kawai, ba wuta a ciki, ba abin da take ji ko take aikawa. Na sake tambaya, ya sake faɗa. Ni da mijina muka sa hannu.

Bayan aikin, yaron ya ɗaga ido ya dube ni! Ya zauna. Ya koyi dariya. In muka je garkar albasa, sai ya fizgi ganye ya kai baki, ya yamutsa fuska, ya ƙara fizga. Amma in ina yi masa wanka, yatsana ya taɓa tiyon a bayan kunnensa, sai gabana ya faɗi.

Da damina zazzaɓi da amai suka kama shi. Ƙorama ta cika, mota ba ta wucewa, sai na goya shi muka kama hanya a ƙafa. Kafin mu isa Madawa ya cika a bayana. Ko tiyon ne ya toshe, ko wani ciwo ne daban, har yau ban sani ba.

Da za a yi masa sutura, Inna ta ce a cire abin nan, a mai da wa Allah yaronsa yadda ya ba da shi. Tana kuka ta faɗa, domin ita ma tana son sa. Mijina ya ce ba mai ƙara yanka masa ɗa. Haka aka binne shi.

Wayyo, 'yan'uwa! Daga ranar nan tambaya ɗaya ta zauna mini a ƙirji: in alamar ce fa? In ya isa ƙofar sama aka ga abin a kansa aka kore shi, saboda hannun da na sa? Na daina cin jibin Ubangiji. Na rame. Ko kabarinsa ban iya zuwa ba.

Wata rana Mama Saratu, shugabar zumuntarmu, ta same ni a garka ina zaune, ruwa yana ta malala ban tare ba. Na gaya mata duka.

Ta ce, “Ran da kika sa hannu, me kika roƙa?”

Na ce, “Ya rayu, Mama.”

“Wa kika roƙa?”

“Yesu.”

“To tashi mu koma wurinsa. Shi ma da ramin ƙusa a hannu ya shiga sama, ba wanda ya tare shi a ƙofa.”

Muka durƙusa a cikin laka. Ta ce in miƙa yaron da sunansa. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Duk rayuwarsa “yaron nan” nake ce masa. Sai na ji kaina ina kuka da ƙarfi, “Iliya! Ubangiji, ga Iliya, karɓe shi!”

A wurin nan tsoron ya sake ni. Na gane Makiyayi da suna yake kiran tumakinsa, kuma ya san sunan ɗana tun kafin ni in iya furta shi.

Ban zo in ce muku kowane abu da za a sa a kan mutum mai kyau ne ba. Ni karatun firamare kawai na yi. Ku tambayi likita, ku sake tambaya. Amma kada wani ya gaya wa uwa cewa roba ta fi jinin Yesu ƙarfi.

Kewa ba ta tafi ba. Hularsa tana cikin akwatina. Amma na koma cin jibi, jiya kuma ni da Inna muka je muka share kabarin.

Na gode wa Allah. Ku dogara gare shi, ku ma masu tsoro irina. In kun tuna da ni cikin addu'a, ku ce uwar Iliya. Amin.