Tukunyar Kacupa a Gindin Jirgi

A tashar Mindelo, baƙi na saukowa daga ƙaton jirgin yawon shaƙatawa. Wani direban tasi ya dubi tsohuwar da ke rungume da tukunya.

"Mama, koma gida. Waɗannan a ciki suke ƙoshi, hoton dutsenmu kawai ya fito da su."

"Wa ya ce sayarwa nake? Kacupa, faten masara da wake, na dafo wa ɗana Djunga, wanke-wanke yake musu a jirgin."

"Ashe yanzu zai sauko."

"Ina! In baƙi sun fita ake sa su goge jirgin. Bara ma bai sauko ba."

"To me ya kawo ki?"

"Ka ga 'yar tagar can, dab da ruwa? Wani lokaci nakan ga hannu jikin gilashin."

"Nasa ne?"

"Ban sani ba. Ni dai nakan ɗaga nawa."