Sabar da Ta Rufe Ni a Waje

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Sunana Bitrus, ni ke kula da kwamfutocin wani asibitin agaji a sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba, a ƙasar Sudan.

An kawo mana sabuwar saba, babbar kwamfutar da za ta riƙe bayanan marasa lafiya. Na ɗora mata rumbun bayanai, ya tashi lafiya, amma kwamfutar ɗakin magani ta ƙi ganinsa. Na ce laifin fayawol ne, katangar nan mai hana baƙo shiga. Daga ofishinmu na Gadarif nake ta gyara dokokinta, sai na toshe ƙofar da ni kaina nake bi! Allo ya tsaya cak.

Dole na kama hanyar asibitin da kaina, ga damina. Motarmu ta kafe a laka, na isa sansanin da takalmina a hannu.

Amal, mai ba da magani, wadda yaƙi ya koro daga Hartum, ta tare ni a bakin ƙofa. "Ya zol, bawan Allah, ga tsohuwa mai ciwon suga tana jira tun safe. Yawan allurar da likita ya rubuta mata yana cikin na'urarka. In yi mata da ka ne?"

Na buɗe wa rumbun ƙofa a katangar, shiru. Na kashe katangar gaba ɗaya, shiru! Ina cikin sake saiti wuta ta ɗauke. 'Yan'uwa, na daki tebur har hannuna ya kumbura.

Na zagaya bayan tanti na durƙusa cikin laka. Bakina bai iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Yesu, na gaji. Ka dubi tsohuwar nan."

Da aka ta da janareta na koma, zuciyata ta kwanta. Na ƙyale katangar, na bi saitin rumbun layi-layi. Ashe an hana shi amsa wa kowace kwamfuta sai wadda yake cikinta! Na gyara layin, na mayar da katangar, na bar wa asibiti ƙofarsa.

Sai na ji muryar Amal daga ɗakin magani: "Halas, shi ke nan! Sunanta ya fito!" Aka yi wa tsohuwa allurarta, ta koma tantinta da ƙafafunta.

Har yau in na ga sabar nan raina na sosuwa, amma na gode wa Ubangiji! Ɗan'uwa, in aiki ya ƙi ci, ka kai masa kukanka. Yana ji, ko daga cikin laka ne. Amin.