Kiɗan da Ya Watsa 'Yan Kallo

A ɗakin jiran jirgin ƙasa na Crewe a Ingila, ana tsakiyar yaƙin duniya, Cedric Penhale mai tsara wa fina-finai kiɗa ya ji tsohuwar da ke gefensa ta yi wa tallan fim ɗinsa tsaki a jarida.

"Wai wannan ne na barkwanci!"

"Bai ba ki dariya ba, Madam?"

"Ina muka ga ta dariya? Daidai inda sojan ya zame, kakaki ya ja kuka sama da ƙasa, sak jiniyar harin jirage. Kowa ya ruga ramin ɓuya."

"Ai santsi ake kwaikwaya. An ce a ƙauye mai kiɗan ya rubuta shi."

"Da gani! Bai taɓa jin bam ba. Ɗana Wilf fa hutun kwana biyu aka ba shi daga aikin soja, muka je kallo tare. Awa guda muka ɓata a rami, yana riƙe da hannuna. Rabonsa da haka tun yana yaro."

Cedric ya gyara hula. "Kin kyauta da kika fita harkar fim ɗin."

"Wa ya ce? Tunda takardar soja ta zo da labarin rasuwarsa, duk Laraba ina silimar. Ni kaɗai ce ba na tashi."