An Taya Gidan Jibo

Wata nawa ake yi kafin a sayar da gida a Dogon Dutsi? Ku da ke zaune ƙarƙashin rumfar nan nake tambaya. Ɗazu shugaba ya ce gida mai takarda ba ya wuce wata uku a hannun dillali, kuka tafa masa. To ni na zo muku da gida mai takarda da ya yi wata goma sha shida.

Amma ba a shiga zaure ba sallama. Assalamu alaikum. Mai girma shugaban ƙungiyar dillalan gidaje da filaye, ranka shi daɗe. Mai unguwa, ranka shi daɗe. Liman, Allah shi gafarta Malam. Iyayenmu 'yan kasuwa, ma'aikatan da aiki ya kawo garinmu, iyaye mata da ke bayan rumfa, da samari 'yan'uwana da ke tsaye cikin rana, ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da aka ba ni lasifika, ko da yake na san wanda ya miƙo mini ita ya zaci yabo zan yi in zauna.

Sunana Bilyaminu, ɗan marigayi Jibo mai gyaran amalanke. Gidan da nake magana a kai gidanmu ne, na ƙasa, ɗaki huɗu, jingine da bayan shagunan Alhaji Shu'aibu. Alhaji ga shi nan a sahun gaba. Dillalinmu, Baba Idris, ga shi can kusa da shugaba. Ba zan ci naman kowa a bayan idonsa ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Magana ta farko, yadda abin ya faro. Da innata Zalika ta fita takaba, muka zauna ni da ita da ƙanwata muka yarda a sayar da gidan, ta koma Ɗan Kassari cikin danginta, ta sayi gona, ta gina ɗaki. Muka damƙa wa Baba Idris. Kwana tara ya dawo da tayin Alhaji Shu'aibu, tayin da ko rabin darajar gidan bai kai ba. Kowa a nan ya san ciniki: mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka in bai yi masa ba, ya ce na sallama in ya yi masa. To amma Alhaji aminin babana ne, yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Inna ta kasa jefa wa mutum irin wannan albarka tsirararta. Sai ta naɗe ta cikin addu'a, ta ce daga bayan labule, "Allah shi yi wa dukiyar Alhaji albarka."

Iyaye mata, ku da ke baya, akwai wadda ba ta gane abin da take nufi ba? Babu. Baba Idris kaɗai ne bai gane ba, shi da ya shekara talatin yana cin abinci da wannan kalma. Ya fita ya gaya wa majalisar dillalai cewa tsohuwa addu'a ta yi, ba ta kore tayi ba, saboda haka an taya gidan Jibo.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Namu warin kunya ce, na yarda. Shi ya sa na taka har rumfar Baba Idris na faɗa masa albarkar tsirara, ya ce ni yaro ne, ba ni aka taya wa ba. Inna ta ajiye kunya, ta aika aka kira shi, ta faɗa da bakinta. Ya gyara hula ya ce, "Zalika, maganar ta riga ta fita gari. Tayin Alhaji, bakin Alhaji ke ɗaga shi."

Magana ta biyu, abin da wannan tayi ya jawo. Akwai ƙa'ida a tsakaninku, kuma ƙa'ida ce mai kyau: ba a ciniki a kan cinikin ɗan'uwa. Ni ban yi lakkwal ba, ban taɓa zama ajin boko ba, da kaina na koyi haɗa baƙi, amma na karanta abin da na samu, na kuma tambayi malamai. Hanin yana kan cinikin da mai kaya da mai saye suka karkata ga juna. Bai ce mutum ya yar da kalma a ƙofar gidan marayu ya tafi, kalmar ta zama kwaɗon da ya kulle gidan ba. Liman yana nan, in na yi kuskure ya gyara mini.

Wani mushe, malamin makaranta, da aka turo daga Maraɗi ya zo da matarsa, suka zagaya gidan, matar har ta zaɓi inda za ta girke murhu. Washegari ya tsare ni a bakin kasuwa yana ba ni haƙuri, an gaya masa an taya, shi kuma baƙo ne, ba zai fara zama a gari da rigima ba. Har yau yana haya. Wani ɗan Kore Mairuwa da ya dawo daga cin rani da kuɗinsa a hannu, shi ko ƙofa ba a kai shi ba. Na je wajen dillalai huɗu a cikinku. Kowa ya sunkuyar da kai ya ce ba ya shiga cinikin ɗan'uwa. Za ku ce me ya hana mu sayar da shi da kanmu? Na rubuta da gawayi a jikin bango cewa gidan na sayarwa ne. Ku nuna mini mutum ɗaya a garin nan da zai so a ce shi ne ya ƙetare Alhaji.

Shugaba, na ga kana duban agogo. Ka yi haƙuri da minti biyar, mu mun yi haƙuri da abin da ya fi haka.

Sau biyar ina zuwa wajen Alhaji, kullum da abin da zai ce mini. Sai na dawo daga Ƙwanni. Sai bayan salla. Sai an yi kaka. Na ƙarshe ya dafa kafaɗata yana dariya ya ce, "Bilya, kai da gaggawa. Ai gidan bai gudu ba." Gaskiya ne, bai gudu ba. Narkewa yake yi.

Wannan ita ce magana ta uku, kuma ita ta tsayar da ni a gabanku. Gidan ƙasa da ba a yi masa yaɓe ba, damina ɗaya ta ishe shi. Ba mu yi ba, don kullum muna cewa gobe za mu tashi. Daminar bara ta ci katangar gabas da ɗaki biyu. Ɗakin da Inna ke kwana, azara biyu sun tsage, na tokare su da itace. Na ce ta dawo shagon da nake kwana, ta ce ba za ta bar gidan mijinta a ce kango ne ba, don ranar da aka kira shi kango, ranar za a saye shi kuɗin fili. Yanzu ku ɗaga kai ku dubi gabas. Manoma sun gama sharar gona, iri suke jira su zuba. Kowa a nan roƙon ruwa yake, ni kaɗai nake jin tsawa gabana ya faɗi, Allah shi gafarta mini.

Ban shiga zuciyar kowa ba, abin da na gani zan faɗa. Makon jiya Baba Idris ya zo ya ce tunda katanga ta faɗi, Alhaji ya rage tayinsa. Ashe tayin yana da rai. Yana da ran da za a rage shi, ba shi da ran da za a biya shi, ba shi kuma da ran da za a janye shi. Baba Idris, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu muka ba ka gida, mu za mu ba ka la'ada. Askin wa kake yi?

Abin da nake roƙon ƙungiya kaɗan ne. Ku sa wa tayi wa'adi. Kwana bakwai, kwana goma, ku kuka san sana'arku. In wa'adi ya cika ba a biya ba, tayi ya mutu. In mai kaya ya ce albarka, a fili ko a naɗe, a ji shi. In ba haka ba, wanda ya tafa yau, gobe matarsa ce a bayan labule.

Allah shi tsare mutuncin iyayenmu. Allah shi sa albarka a kasuwancinku, albarkar gaske nake nufi. Allah shi ba mu damina mai amfani, shi riƙe rufin kowa. Allah shi jiƙan magabatanmu, shi kai kowa gida lafiya. Na gode.

Shugaba, ga lasifika, amma ba kai zan miƙa wa ba. Alhaji Shu'aibu, ranka shi daɗe, ga Liman, ga mai unguwa, ga Inna can tsaye a bakin rumfa tun safe. Ka tashi jama'a su ji da kunnensu. Za ka biya darajar gidan yau, ko ka janye?