Bubayero Ya Je Yankan Inshorar Keke

A bakin tashar Azare, Bubayero mai kawo ƙwan zabi daga Chinade ya ɗingiso ya jingine kekensa a teburin wani mai sayar da takardun inshora.

"Malam, ka yanka wa keken nan takarda irin ta direbobi."

"Keke kuma? Ai sai mai mota, Baba. Ita ma ba mai motar take biya ba, wanda motar ta buge ake biya."

"Irina ke nan?"

"Irinka."

Bubayero ya janye ƙafar wandonsa, ya nuna ƙwaurinsa da ya warke a karkace. "Bara wata bas ta kwashe ni. Yanzu rabin hanya tura keken nake yi. Likita ya ce sai an sake aiki."

"Yaya kuka ƙare da direban?"

"Ya zo dubiya da goro, da dattawan unguwarsu. Na ce na yafe. Me zan ce?"

Mutumin ya yi dariya. "Shekara tara ina kan teburin nan, ban taɓa ganin wanda ya zo karɓar diyya ba. Kowa ya yafe. Shi ya sa aikin nan yake da daɗi."

"Direban na yafe wa, har ga Allah. Shi kamfanin inshorar ya zo dubiya?"

"Kamfani ba ya zuwa dubiya, Baba."

Bubayero ya jawo benci ya zauna, ya miƙe ƙafar.

"To shi ban yafe masa ba. Ɗauko biro ka rubuta."