Karan Sigarin Da Ke Aljihuna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni masunci ne daga wajen Kalgo.

Da, in taru ya maƙale a ƙasan ruwa, ni ke nutsewa in kwance shi. Bana numfashi ya ƙi, na kasa nutsewa. Babana, da furfurarsa, shi ya shiga.

A asibiti aka ba ni bututun gwajin numfashi, na hura iya ƙarfina. Likita ya ce, "Sigari ta mai da huhunka na tsoho. Ka daina, ka tsira da sauran."

Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Na fito da kara ɗaya a hannu, ban kunna ba, ban yar ba. Har yau yana aljihuna.

Don Allah, ku da kuka daina, yaya kuka yi da na ƙarshen?