Ruwan Kanwa da Tsakuwar da ke Ƙodata

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Fasto, dattawa, 'yan zumuntar mata, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Hannatu, matar Dauda direba. Ni ce mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda ake kawo wa buhuna daga Zermu. Ku yi haƙuri da ni, shaidata ta yau ba ta murmushi ba ce. Na zo da godiya, amma na zo da fushi, kuma ba zan ɓoye shi a gidan Allah ba.

Na daɗe ina fama da ciwon fitsari. Ya zo da zafi, in sayi ƙwayoyi wurin mai tebur, ya lafa, in koma bakin wuta. Kun san aikinmu, tun safe mace tana gaban kasko, zufa na zuba. Kun kuma san ruwan Damagaram. Famfo ya ɗauke, jarkar da kika saya sai ki raba ta tsakanin tukunya da yara, ke ce ta ƙarshen sha.

Bara da bazara ciwon ya hau gefena na hagu, ya riƙe ni har na kasa miƙewa. Dauda ya kai ni asibiti, aka yi mini eko, wato hoton ciki, aka ce tsakuwa ce a ƙoda. Likita ya ce in dawo a gwada fitsari da jini kafin a san abin yi.

Ban koma ba. Bari in gaya muku dalili.

Kun san Baba Iliya, dattijonmu, ga shi can zaune a gaba. Shekarun baya ya tsaya a nan inda nake, ya ba da shaida cewa shi ma an ga tsakuwa a ƙodarsa, ya yi addu'a, ya riƙa jiƙa kanwa yana sha, tsakuwar ta narke. Muka yi tafi, muka yi guɗa, har da ni. Tun daga ranar, duk wanda bayansa ya yi ciwo a ikkilisiyar nan, kafin a yi masa sannu an kai masa ƙullin kanwa.

Da labarina ya iso, Baba ya tako har gida da ledarsa. Ya ce, “'Yata, kada ki bari su taɓa ki da wuƙa. Abin da Ubangiji ya yi mini zai yi miki. Ki jiƙa, ki sha safe da yamma, ki ba da gaskiya.”

Wa zai yi musu da dattijo, mai shaida kuma? Na sha. Na sha har bakina ya daina sanin ɗanɗanon tuwo, ƙafafuna suka kumbura, masassara tana zuwa tana komawa. Fitsarina ya yi wari har ina jin kunyar zama kusa da mutane a sujada.

To, ga abin da ya fi ƙona mini rai. Da ban warke ba, ba wanda ya ce kanwar ce ba ta yi ba. Ni ce ban yi ba! Wata 'yar'uwa ta zo dubiya, ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce, “Anya, Maman Rahila, kina sha da bangaskiya kuwa?” Wata ta ce in binciki zuciyata, ko akwai wanda na riƙe ban yafe masa ba. Ina kwance ina rawar sanyi a tsakiyar zafin bazara, ana bincikena kamar wadda aka kama da kayan sata. Kun san kanku, ba sai na kira suna ba.

Wata rana da tsakar rana na rarrafa tsakar gida, kofin ruwan kanwa a hannuna. Na ɗaga zan sha, cikina ya ƙi. Sai na buɗe baki na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba. Ba ladabi a cikinta, 'yan'uwa. Na ce, “Ubangiji, me na yi Maka? Baba Iliya ɗanKa ne, ni agola ce? Shi ya sha ya tashi, ni na sha ina ruɓewa. In akwai laifina, faɗa mini da bakinKa, na gaji da ji a bakin mutane!”

Na yi kuka har na gaji. Sai makafin da Yesu ya warkar suka faɗo mini a rai. Wani an shafa masa taɓo aka aike shi ya wanke, wani taɓa shi kawai aka yi, wani magana ce ta buɗe idonsa. Ban taɓa jin cewa na farkon ya bi gari da taɓo yana shafa wa kowane makaho ba. Na zubar da ruwan nan a ƙasa. Na aika aka kira Dauda daga tasha, na ce ya mai da ni asibiti.

Da likita ya ga sabon eko da gwajin fitsari, ya ce, “Madam, ina kika shiga? Me kike sha?” Na gaya masa. Ya dafe kai.

Ya ce tsakuwar ƙoda ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ta fi yawa a mutane, mai tauri, wadda yawan gishiri da ƙarancin shan ruwa ke taimaka wa. Ita ba abin sha da ke narkar da ita, sai ta fita ko a fitar. Akwai wadda ke kama mai tsamin fitsari, sau da yawa mai cin nama sosai, ita kam takan narke idan aka kashe tsamin, kanwa kuma tana kashe tsami. Ya ce wataƙila irin ta dattijonmu ke nan, ko da yake kanwa ba ta da awo, tana iya tayar da hawan jini. Baba, ka yi haƙuri, duk mai tsiren unguwarku ya san ka! Akwai kuma ta gado, ba ta da yawa, takan fara tun ƙuruciya.

“Taki kuwa,” in ji shi, “ta ciwon fitsari ce. Ƙwayoyin cutar da ba a kashe su sarai ba ne suka gina ta. Irin wannan a fitsarin da ba tsami take girma. Ruwan da kike sha, ciyar da ita kika yi. Ƙodar nan ta kumbura da mugunya, in muka ƙara jinkiri sai dai a cire ta.”

Ciyar da ita! Safe da yamma, da addu'a a kai!

Aka kwantar da ni, aka yi ta ƙarin ruwa da allurai har masassara ta sauka, sannan aka yi aiki. Abin da aka ciro mai rassa ne kamar ɗanyar citta. Ƙodar ta ji rauni, ba za ta koma kamar dā ba, amma tana nan a jikina tana aiki. Halleluya! Ubangiji bai bari an cire ta ba!

Baba Iliya ya zo asibiti. Ya ga abin a kwalba, ya zauna bakin gado, hawaye na bin gemunsa. Baba, na san don ƙauna ka yi, na kuma yafe maka tun a ranar.

To me ya sa nake tayar da zancen yau? Don makon jiya na ji an ce wata 'yar'uwarmu tana ciwon gefe, kuma har an kai mata ƙulli. Ba Baba ne ya kai ba, shi ya daina. Ku ne, masu tafi! Ba ku san wace iri ce a jikinta ba, ita ma ba ta sani ba. Gobe da safe zan biya in ɗauke ta mu je a gwada, wanda zai yi mana addu'a ya biyo mu.

Kada kuma wani ya fita daga nan ya ce Hannatu ta ce duk mai tsakuwa sai an yanka shi. Ban faɗa ba. Wannan tawa ce, kamar yadda waccan ta Baba ce.

Na gode wa Allah da ya saurari addu'ar mace mai fushi, bai kore ta ba. Ku dogara gare Shi, 'yan'uwa, Shi ya san abin da ke cikin jikin kowa. Ku kai wa mara lafiya addu'a, ku kai masa jarkar ruwa mai kyau, ku raka shi asibiti. Kanwa kuma a bar ta a miyar kuɓewa.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.